Igiya ɗaya, filaye biyu

Yayata ce ta turo ni in duba mata filaye biyu a bayan gari, in zaɓi wanda ya fi. Dillali ya ce kuɗinsu ɗaya, girmansu ɗaya. "Malam, da igiya guda na zagaye su, kuma ko taku babu bambanci." Na ɗauko tef na auna, sai ga shi gaskiya ya faɗa. Na farko ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, irin fulotin da aka saba. Ka tara gefuna huɗu, ƙafa 300 ke nan. Na biyu siriri ne, 30 a 120, shi ma kewayensa 300 cif.

To amma ɗaki a cikin fili ake gina shi, kuma lissafin ciki daban ne: tsawo sau faɗi. 50 sau 100 ya ba ni murabba'in ƙafa 5,000. 30 sau 120 kuwa 3,600 kacal. Tsakaninsu 1,400, wato kusan ɗakuna goma masu ƙafa 12 a 12. Na sake bugawa a waya don dillalin ya gani da idonsa. Ban ce da gangan ya yi ba, mutane da yawa haka suke ɗauka, cewa in zagaye ya zo ɗaya, ciki ma ɗaya ne. Ni dai na lura fili na ƙara sirancewa, cikinsa na ƙara raguwa, ko da igiyar ba ta canza ba.

Kewaye yana da ranarsa, ranar katanga. Tsawon bulo inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, saboda haka sahu guda zai ci bulo kamar 200 kafin a cire ƙofa. Siririn ma haka zai ci, ka ga kuɗin katanga ɗaya, wurin zama kaɗan.

Maginin da muka je tare ya ƙara min wani abu. Ya ce tsawo sau faɗi ba ya aiki sai kusurwa ta miƙe daidai. Ya kafa turke, ya auna ƙafa 3 a gefe guda, 4 a ɗayan, sannan ya ja tef tsakanin alamomin biyu. In ya ba da 5, kwana ta yi; in ya wuce ko ya gaza, filin a karkace yake. Duk kwana huɗun fili na farko sun ba da 5, sai na kira Yaya na ce ta biya.