Kiwon minjirya a tankin gilashi

Kifin da nake kiwo a falona minjirya ce. Wurin wani masunci na samo ta a Yawuri, tana 'yar ƙarama ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Masunta ba su cika son ganinta a koma ba, don kowa ya san abin da take yi wa hannun da ya taɓa ta. Da na ce masa da ranta nake so, sai ya ce, "Malam, to ka yi mata wuri ita kaɗai."

Gaskiya ya faɗa. Minjirya dangin tarwaɗa ce, mai farautar kifi cikin dare. Ƙarƙashin fatarta akwai wani nama da ya lulluɓe kusan dukan jikinta, shi ke samar da lantarki. Babba tana iya sakin har volt 350, alhali wutar gidajenmu 230 ce. Bugun ba ya daɗewa, kuma ba a san shi da kashe mutum ba, amma ya isa ya sumar da karfasa nan take. Duk kifin da aka haɗa ta da shi, ko ya zama abincinta ko ya rayu cikin firgici. Ko 'yar'uwarta ba ta jurewa idan sun girma. Shi ya sa nake jin zafin masu sayar da ƙananan a matsayin kifin ado, ba tare da sun faɗa wa mai saye cewa a kogi tana iya haura mita ɗaya ba.

Tankin da na sa aka haɗa mata yana cin lita 600. Kowace lita kilo ɗaya ce, ga gilashi ga yashi, don haka teburin ƙarfe na sa mai walda ya yi, na dasa shi jikin bango. Na shimfiɗa yashi mai laushi saboda ba ta da ɓawo, tsakuwa mai kaifi tana kurje mata ciki. Na kwantar da wani tulu da aka faɗaɗa bakinsa, nan take wuni, ba ka ganin komai sai gashin bakinta guda shida suna motsi a hankali. Idanunta ƙanana ne, haske yana takura mata, sai na rage fitila.

Bayan magariba take fitowa. Nakan riƙe tana ko yankan kifi da doguwar matsefata ta roba. Da gashin bakin ya taɓa abincin, sai ta tsaya cik, sannan ta zuƙe shi gaba ɗaya. Tun ba a je ko'ina ba ta gane motsina, ina matsowa take leƙowa. Ba na ba ta kullum, don ba ta san ƙoshi ba, ƙiba kuma cuta ce a gare ta. Kifi mai rai ma ba na jefa mata, yana iya shigo da ciwo.

Aikin gaske yana wajen ruwa. Kifi mai cin nama kashinsa yana cika ruwa da amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune cikin soson matatar ruwa su ke karya ta. Idan aka ɗauke wuta ruwa ya daina gudana, su ma sai su fara mutuwa. Dole na jona matatar ruwan da famfon iska a jikin batirin sola. Duk mako ina canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na famfo kuma sai an cire masa kulorin kafin ya shiga. A hunturu, sanyin asuba yana saukar da ruwan ƙasa da digiri 23 da take buƙata, sai na kunna hita mai kariyar roba, don tana iya fasa ta gilashi. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe ba ya zuwa kusa da ita, kifi marar ɓawo ba ya jure shi.

Hannuna ba ya shiga tankin sai da doguwar safar roba mai kauri. Idan kama ta ya zama dole, bokiti nake nutsawa in kora ta ciki, ba na amfani da raga. Murfin kuwa da makulli yake, saboda yaran gida da na baƙi.