Makullin da ba a ba ɗan Najeriya

Mutumin Katsina ba ya lissafa Maraɗi cikin ƙasashen waje. Tafiyar ba ta kai ta Kano nisa ba, Hausar kusan ɗaya ce, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa, don kakanninsa daga garinmu suka fito bayan jihadi. Shi ya sa da wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko a nemo masa mai kula da kwamfutocin kamfaninsa, a farkon 2021, ko Inna ba ta yi mini doguwar addu'ar tafiya ba. Cewa kawai ta yi in riƙa leƙowa ranar Juma'a. Sai da na zauna na ga takardu duk da Faransanci, kuɗi sefa, jandarma a hanya, madannan kwamfuta ma harafin A da Q sun yi musayar gida. Duk waɗannan mutum yana sabawa da su. Abu ɗaya ne har yau ya tsaya mini a wuya.

Ranar da na kama aiki, Alhaji ya kira ni ofishinsa, akawunsa na zaune, da ɗansa wanda ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai a ba ni kalmar sirri ta babban asusun, in ga abin da ke ciki." Alhaji har ya ɗaga hannu zai ce wa yaron ya rubuta mini, sai akawun ya sunkuya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, amma yadda zan ji: "Alhaji, ɗan Najeriya ne fa."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma babu wanda ya tambaye shi me yake nufi. Kowa ya gane. Aka yanke cewa duk lokacin da zan shiga asusun, yaron zai zo ya buga kalmar da hannunsa, ni kuwa in juya baya. Akwai wata kalanda ta kamfanin taya a bangon, mai hoton tirela ja. Na san tirelar nan fiye da yadda na san fuskar wasu 'yan'uwana. Ni da na girme wa yaron da shekaru fiye da goma, ni da aka ɗauko don in tsare musu dukiya daga masu kutse, ni ne ke fuskantar bango kamar almajirin da aka yi wa horo, shi kuma yana danna madannan da yatsa ɗaya. Lokacin hazo na ɗaga madannin zan karkaɗe ƙura, sai ga kalmar a rubuce da biro a jikin takarda, an manna ta a ƙasansa: lambar motar Alhaji ce. Na je na faɗa musu a canza. Suka yi godiya, suka canza, suka ci gaba da sa ni juya baya.

Na san daga ina zargin ya fito. 'Yan damfarar intanet sun ɓata mana suna, kuma da wuya ka sami ɗan kasuwar Maraɗi da ba shi da labarin wani da aka cuta a Legas ko a Kano. Amma rabin kayan da ke shagunansu ta Jibiya ya shigo, 'ya'yansu mata suna aure a Katsina, malamansu a Zariya da Kano suka yi karatu. Sai an zo kan kalmar sirri ake tuna akwai iyaka.

Imel ɗin kamfanin, da shafinsa, da manhajar lissafin kaya, duk a kan wata saba suke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, wadda ake haya a wani kamfanin Faransa mai suna OVH. Mai fito musu da kaya daga tashar ruwan Kwatano ne ya zaɓa musu tun kafin zuwana. A gida ban taɓa aiki da shi ba, mu can Amurka muke fuskanta. Da dare, a ɗakina na haya, ba abokin hira sai sauro, na riƙa karanta takardunsu da ƙamus a waya, daga nan na faɗa cikin tarihin mai kamfanin, kuma shi ya riƙe ni.

Octave Klaba sunansa, haifaffen Polan ne a 1975. Yana matashi iyayensa suka yi ƙaura zuwa Faransa, ya sauka bai iya Faransanci ba. Ya yi karatun injiniya a Lille, ya kafa OVH a 1999 da kuɗin aro, yana ba mutane hayar wurin ajiye shafukansu. Da abin ya fara girma bai nemi bare ba: mahaifinsa Henryk, da mahaifiyarsa Halina, da ɗan'uwansa Miroslaw, duk suka shigo. Suka yi mazauni a Roubaix, garin da masaƙunsa suka mutu suka bar manyan gine-gine babu kowa. Uban, wanda injiniya ne, shi ya tsaya kan dabarar sanyaya na'urori da ruwa, tun 2003, maimakon dogaro da iyakwandishan mai shan wuta. Kuma ba sa sayen saba a shirye, da kansu suke haɗawa. Waɗannan biyun suka sa hayarsu ta yi araha, arahar kuwa ita ta kawo su har shagon Alhaji a Maraɗi. A 2012 suka tsallaka Kanada, suka buɗe cibiya a Beauharnois cikin tsohuwar masana'antar alminiyam, kusa da madatsar ruwa mai ba da lantarki. A 2016 kamfanonin zuba jari na KKR da TowerBrook suka sa musu yuro miliyan 250, amma ragamar ta ci gaba da zama a hannun iyalin.

Da na karanta haka na yi dariya ni kaɗai. Ai wannan tsarin Alhazan Maraɗi ne sak: uba a sama, ƙane a sito, ɗa a kan kuɗi. Bambancin kawai, shi baƙon da bai iya yaren gari ba, mutanen gari suka yarda suka ɗora masa asirin kasuwancinsu, har da hukumomin gwamnati. Ni kuwa da nake jin yaren gari tun daga nono, ga ni ina kallon tirela.

A Satumban 2016 an kai musu wani hari da duk mai wannan sana'a ya san labarinsa. Masu kutse suka shiga kyamarorin tsaro da na'urorin naɗar bidiyo sama da 145,000 a sassan duniya, waɗanda masu su ba su taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba, suka sa su duka suna aika wa sabobin OVH tarkacen saƙo a lokaci guda, kusan terabit ɗaya a daƙiƙa, don su toshe hanya. Mirai ake kiran manhajar da aka yi aikin da ita. Washegarin karanta wannan na bi kyamarorin sitonmu ɗaya bayan ɗaya. Duka da kalmar masana'anta suke. Waɗannan kam ba wanda ya sa ni juya baya, don ba wanda ya san suna da kalmar sirri.

Ban daɗe da zuwa ba, daren 10 ga Maris 2021, gobara ta tashi a cibiyarsu ta Strasbourg. Gini guda ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya taɓu, shafukan intanet wajen miliyan 3.6 suka ɗauke. Ba a rasa rai ba. Tamu sabar a Gravelines take, can arewa a bakin teku, ko ɗigon matsala ba mu gani ba. Amma na ga yadda wasu suka wayi gari babu komai, saboda kwafin ajiyarsu ma a harabar da ta ƙone yake. Na sami Alhaji bayan la'asar na ce masa, "Ranka ya daɗe, mai hatsi ba ya zuba shi duka a rumbu ɗaya." Wannan ya shige shi nan take, ya taɓa ganin gobarar kasuwa. Ya ba da kuɗi aka sayi faifan ajiya biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidansa cikin akwatin ƙarfe, sannan muka kama hayar wani wurin ajiya a wata cibiyar dabam. Duk Alhamis nake kwafewa. Kamfanin kuwa bai durƙushe ba, a Oktoban shekarar nan ya shiga kasuwar hannun jari ta Faris, da sunan OVHcloud da ya koma amsawa tun 2019. Wata bakwai tsakanin toka da kasuwar hannun jari. Ban sani ba ko taurin kai ne ko taurin zuciya, amma ya burge ni.

Ranar da na fi jin kaina a garin nan ita ce ranar da wani imel ya shigo da sunan mai aiko mana da shinkafa, yana cewa sun canza banki, a tura kuɗin kwantena a sabon asusu. Tambarinsu ne, sa hannunsu ne, har gaisuwar da suka saba yi. Akawu ya riga ya cike takardar banki. Ni kuwa na ga a adireshin an sa harafin r da n a jere a inda ya kamata a ga m. Na ce a dakata, a kira mutumin ta lambar da aka saba kiransa, kada a kira wadda ke cikin saƙon. Aka kira, ya ce shi bai canza komai ba. Alhaji ya yi shiru, ya yi ta jan carbi, can ya ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka." Da yamma ya aiko mini da shadda da kilishi. Akawun kuwa, a fada wajen shan shayi, cewa ya yi ai dole in gane, tunda aikin 'yan garinmu ne. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don baƙo ba ya fushi a fada. Adireshin da saƙon ya fito ma ba na Najeriya ba ne, amma wa zan tsaya yi wa bayani?

Kada a ce na yi butulci. Mutanen Maraɗi sun ciyar da ni. Maƙwabciyata tsohuwa ba ta taɓa dama fura ba ta aiko mini ba, da na kwanta zazzaɓi yaran fada ne suka kai ni asibiti a kan babur, suka kwana a kaina. Garin yana da kwanciyar hankalin da na manta da ɗanɗanonsa, mutum ya dawo gida tsakar dare ba ya waige-waige.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Janareta ya koma cin mai kamar me, na matsa aka sa sola da batura don kada na'urorin ofis su riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki. A watannin nan in an ce "ɗan Najeriya" sai in ji kalmar ta ƙara nauyi, kamar ni na je na kashe musu wutar da hannuna. Kuma a cikin watannin ne Inna ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Akwai masu bi ta daji a kan babur, kowa ya sani, amma ita da kanta ta yi mini rantsuwa in na biyo ta nan ba ta yafe ba, saboda 'yan bindigar da ke yankin Jibiya. Sai ta waya. Ƙanwata ta riƙa juya mata kyamara, ina ganin rabin fuskarta da silin ɗin ɗakin, tana ce mini, "Ka ci abinci? Ka rame." Ita da ke kwance. Sai a Maris 2024 aka buɗe, na same ta tana takawa da sanda.

Naira ta faɗi a tsakanin nan, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, sai albashina ya zama abin magana a gidanmu. Ni na biya kuɗin aikin ƙugun, ni na yi wa ƙanwata kayan ɗaki, ni ake kira in buhun masara ya ƙare. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa duk sirrin dukiyar wani babban Alhaji a hannun ɗanta yake. Ban gyara mata ba. Ƙanena da ya gama kwalejin kimiyya yana zaune ba aiki, kullum saƙonsa ɗaya ne: "Yaya, a samo mini wuri a can." Ina ce masa ya fara koyon Faransanci tukuna, alhali abin da ke raina dabam ne. Yaron yana da zuciya, ba zai iya tsayawa yana kallon bango ba, ranar farko zai mayar wa mutum magana, a kore mu tare.

Rigimar da ke gabana yanzu ta 'yata ce, ta isa shiga makaranta. Ni ina so su dawo nan ita da uwarta, na gaji da cin abincin saye da wankin kaina. Uwarta ta ce ba za ta kai yarinya inda za a koya mata karatu da yaren da ita ba za ta iya duba mata aikin gida da shi ba, kuma wa zai zauna da Inna? Na ce ƙanena na nan. Ta ce namiji ne, ba zai yi mata wanka ba. Na ce to a taho da Inna ɗin. Da maganar ta kai kunnen Inna, ta ce ita da kabarin mijinta ke Katsina ba inda za ta, ko da kuwa jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano zuwa Maraɗi a ƙofar ɗakinta zai riƙa tsayawa. Na riga na biya kuɗin wani gida mai ɗaki biyu a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, har na sa an yi fenti. Matata ta ce a bari sai bayan damina a sake zama.