Tsarabar faya-fayai uku

A makon jiya ƙanena ya dawo daga Legas da tsarabar faya-fayai guda uku, na salon kiɗan Amurka da ake kira bulus da jaz da rok, kuma tun daga ranar nake saurarensu bayan sallar isha'i a tsakar gidanmu da ke Mabera, lokacin da zafin Sakkwato ya ɗan lafa.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne Live at the Regal na B.B. King, wanda aka ɗauka a birnin Shikago na Amurka a 1964. Yadda yake rera baiti, sannan ya bar jitarsa ta amsa masa, ya tuna mini da yadda 'yan amshi suke karɓa wa Narambaɗa, kuma ana jin ihun jama'a a zauren duk lokacin da ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta tana karkarwa. Mahaifiyata, wadda ba ta jin Turanci, ta dakata da tsintar shinkafa ta ce mini, "Wannan bawan Allah akwai abin da ke cin ransa."

Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959, ya nemi haƙurina, domin babu muryar mawaƙi a cikinsa, sai busar ƙaho mai sanyi da sautin fiyano. Sai a dare na uku kunnena ya fara bin zarensa, yanzu kuwa da shi nake kwanciya.

Na Jimi Hendrix, gaskiya, ƙararsa ta yi mini yawa tukuna, duk da cewa na ji gwanintar hannunsa a kan jita, don haka na ajiye shi sai wani jiƙon.