Odifus ɗinmu ya daina kuka tun da wuri

Alhamdulillahi, jiya fitowar ɗan aiken Korinti ta zauna! Ku masu fama da wasan Sarki Odifus na Sofokilis, marubucin tsohuwar Girka, da Hausa kun san nan ce ƙashin bayan wasan, kuma nan ce ta hana mu barci.

Matsalar daga ɗan wasanmu mai yin Odifus take. Yaron yana da murya, yana da kwarjini, amma ya san ƙarshen labarin, fuskarsa kuma ta kasa ɓoye hakan. Tun daga inda makaho Tiresiyas ya ce masa shi ne makashin tsohon sarki Layus da yake nema, sai ya karya murya, idanu su kawo ruwa. Kafin a kai ga makiyayin Layus, wanda zai tona cewa Layus ne mahaifinsa, ya riga ya ƙarar da baƙin cikinsa kaf. Raina ya yi ta ɓaci, don wasan da aka nuna a Atina wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa ya rayu har yau saboda wannan jinkirin ganewar, mu kuma muna zubar da shi a farkon tafiya.

Mun sa shi ya rage murya, mun sa shi ya juya wa 'yan kallo baya, duk a banza. Da na zaunar da shi muka bi maganganun sarkin ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya buɗe. Odifus a wannan fitowa murna yake yi. An ce masa Folibus, sarkin Korinti da ya ɗauka mahaifinsa ne, ya mutu a kan gadonsa, ga shi bai taɓa shi ba, don haka a ganinsa duban da aka yi a Delfi, cewa zai kashe mahaifinsa, ya faɗi ƙasa. Ko da ɗan aiken ya ce Folibus ba mahaifinsa ba ne, a dutsen Kitairon aka miƙa wa shi ɗan aiken Odifus yana jariri da idon sawu a huje, tsoronsa bai wuce a ce shi ɗan baiwa ne ba. Matarsa Yokasta, wadda ashe ita ce mahaifiyarsa, ta gane komai, tana roƙonsa ya bar tone-tone, shi kuwa ya ɗauka kunyar asalinsa take ji. Na ce wa yaron, "Ƙanena, ka tuna wanda aka taɓa yi wa gorin uba a bainar jama'a. Yau ya samu damar wanke kansa. Da zumuɗi zai yi tambaya, ba da rawar baki ba."

Da ya yi haka, nauyin duka ya koma kan mai yin Yokasta. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta dai ja da baya a hankali shi Odifus yana ta murmushi, har ta fice da ihunta na ƙarshe. Tsikar jikina ta tashi. 'Yan amshi ma sun manta shigarsu.

Sauran aikin na tafiya haka-haka. Abubuwan rufe fuska da muka yi da takarda da sitaci sun tsattsage da zafi, naira 18,000 ta tafi, kuma na yanke shawarar a yi wasan fuska a buɗe, tunda yanzu fuskar tana aiki. 'Yan amshinmu ba su kai 15 na zamanin Sofokilis ba, amma kalangu ɗaya ya cike giɓin.

Yanzu saura makiyayin. Dattijon da ke yin sa yana amayar da sirrin kafin sarki ya sa a murɗe masa hannu. Wanda ya taɓa shawo kan wannan fitowa, don Allah ya faɗa mini yadda ya riƙe shi.