Neman jirgin da ya kai Kaka yaƙin Bama

Kaka bai bar mana komai game da tafiyarsa yaƙin Bama (Burma), a Yaƙin Duniya na Biyu, ba sai kalma ɗaya: Apapa. Da ita na shiga ɗakin karatu na Caird, a gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich, a Landan. An sa masa sunan Sir James Caird, attajiri mai jiragen ruwa ɗan Scotland wanda ya zuba dukiyarsa wajen kafa gidan, aka buɗe shi a 1937. Littattafan ciki sun haura 100,000, ban da taswirori da takardun matuƙa da aka rubuta da hannu.

Na ajiye jakata a waje, na shiga da fensir kawai, don ba a yarda da biro ba. Na gaya wa ma'aikaciyar sunan Kaka. Ta ce, "Sunan jirgin fa?" Ashe a nan jirgi ne mai asali, mutum kuwa sai ta jirginsa ake gano shi. Hatta jerin sunayen ma'aikatan jirgi da lambar jirgin ake ajiye shi.

Ta nuna mini kundin Lloyd's Register mai jera jiragen ruwa, ƙaton littafi mai rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ina bin layi da yatsa sai ga shi: Apapa, na kamfanin Elder Dempster mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas, ƙirar 1927. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani littafin ya nuna jirgin saman Jamus ya nutsar da Apapa a Nuwamba 1940, yamma da Ireland, alhali sai a 1943 aka fara kwasar sojojinmu zuwa Indiya. Ashe tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas Kaka yake nufi, inda suka hau. Da na yi lissafin shekaru tun a gida, da ban ɓata yini guda ba.

Kuma soja ba ma'aikacin jirgi ba ne, sunansa ba zai fito a jerinsu ba. Ma'aikaciyar ta ce in nufi ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, a Landan, inda kundin kowace bataliya yake. Daren nan na kira Baffa a Kano, na roƙe shi ya buɗe tsohuwar adakar Kaka ya duba mini takardar sallama, ko lambar bataliyarsa na jiki.