Kakar Virginia ta 2018 zuwa 2019: daga abin kunya zuwa ɗaukar kofi

A daren 16 ga Maris, 2018, a birnin Charlotte na Amurka, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Virginia ta sha kashin da ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihin gasar jami'o'i ta NCAA. Ita ce aka ɗora a matsayi na 1 a rukuninta, har ma a duk faɗin ƙasar, kuma aka haɗa ta da UMBC, wata jami'a da ke kusa da Baltimore wadda ta shigo a matsayi na 16. Tun daga 1985 da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64, an buga irin wannan karawa sau 135, kuma ko sau ɗaya ta 16 ba ta taɓa doke ta 1 ba. An tafi hutun rabin lokaci da ci 21 da 21, sannan bayan an dawo UMBC ta zuba maki 53 a cikin minti 20, kusan adadin da Virginia ta saba bari a ci ta a wasa sukutum, aka tashi 74 da 54. Jairus Lyles shi kaɗai ya ci maki 28.

Dole a fara daga wannan dare idan ana son a fahimci kakar da ta biyo baya, domin mutanen da suka sha wannan kashi su ne suka dawo fili bayan wata takwas. Koci Tony Bennett, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2009, yana nan. Kyle Guy da Ty Jerome, waɗanda duniya ta ga fuskokinsu cikin takaici, suna nan. De'Andre Hunter, wanda karayar wuyan hannu ta hana shi buga wasan UMBC, ya warke. Akwai kuma Mamadi Diakite, dogon saurayi ɗan birnin Conakry na ƙasar Gini, da wani sabon ɗalibi gajere mai suna Kihei Clark, wanda tsawonsa bai wuce mita 1.75 ba a wasan da ake yi wa kallon na dogaye.

Abin da ya fi jan hankalina game da wannan ƙungiya shi ne salon wasanta da kuma irin sukar da salon ya sha. Bennett ya gaji wani tsarin tsaron gida daga mahaifinsa, Dick Bennett, wanda ya kai Jami'ar Wisconsin zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a shekarar 2000. A wannan tsari mutum ɗaya ne yake matsa wa mai riƙe da ƙwallo, sauran huɗun kuma su ja baya su cunkushe hanyar zuwa kwando, ta yadda abokin hamayya zai rasa kafar kutsawa, ya koma jifa daga nesa da hannu a gaban fuskarsa. Idan ƙwallo ta dawo hannun Virginia kuma, ba ta gaggawa, takan ci mafi yawan daƙiƙa 30 da doka ta ba kowace ƙungiya kafin ta yi jifa. Saboda haka wasanninta sukan ƙare da maki kaɗan, kuma masu sharhi da dama sun daɗe suna cewa salon yana gundurar ɗan kallo. Bayan wasan UMBC sukar ta ƙara nauyi, kuma tana da hujja: idan ka rage yawan hare-haren da ake kaiwa a wasa, ka rage damar da gwani yake da ita ta nuna fifikonsa, kuma ƙaramar ƙungiyar da hannunta ya faɗa a dare guda za ta iya yi maka nisa ba ka da hanzarin kamo ta. A gasar sili-ɗaya-ƙwale, inda babu gobe, wannan haɗari ne na gaske.

Bennett bai watsar da tsarin ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Ƙungiyar da ake kira abin kunya ta ci wasa 31 ta faɗi 3 a waccan kaka, ta yi nasara 17 cikin wasanni 18 a gasar ACC, wato gasar rukunin jami'o'in da Virginia take ciki, wadda manya irin su Duke da North Carolina suke cikinta. Mai hankali ba ya rushe ginin shekara tara saboda minti 20. Abin da ya gyara shi ne ɓangaren kai hari, inda ya ƙara hanyoyin buɗe wa Jerome da Hunter fili domin ƙungiyar ta daina dogara da zagaye iri guda. Bai kuma hana 'yan wasansa maganar UMBC ba. Kyle Guy ya fito fili ya yi bayanin damuwar da ya shiga da barazanar da aka yi musu bayan wasan, har ya bar hoton kansa na wancan dare a shafinsa na sada zumunta tsawon kakar.

Sun fara kakar 2018 zuwa 2019 da nasara 16 a jere. Duke ce ta fara taka musu birki a watan Janairu da ci 72 da 70, ta sake doke su a gidansu da ke Charlottesville a watan Fabrairu, a lokacin da take da Zion Williamson da RJ Barrett. Kashi na uku kuma na ƙarshe ya zo daga Florida State a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ACC. Duk wannan bai gamsar da kowa ba, domin kowa ya san Virginia ta iya watannin sanyi, watan Maris ake jira, lokacin gasar ƙasa ta NCAA.

Wasan farko na gasar ƙasa ya kusa maimaita tarihi. An sake haɗa su da ta 16, wato Gardner-Webb, kuma kafin a je hutu sai ga Virginia a baya da maki 14. Ba na jin akwai wani lokaci a duk kakar da ya fi wannan nauyi a zukatan 'yan wasan, domin faɗuwa ta biyu a irin wannan mataki da ta bi sunayensu har tsufa. Suka rage tazarar zuwa maki 6 kafin hutu, suka dawo suka ci 71 da 56. Daga nan suka wuce Oklahoma, suka sha da ƙyar a hannun Oregon da ci 53 da 49.

Wasan Purdue a Louisville, a zagayen 'yan takwas, shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Carsen Edwards na Purdue ya ci maki 42, ya jefa ƙwallo 10 daga bayan layin maki uku, wasu daga nisan da babu tsarin tsaron da zai hana. Saura daƙiƙa 5.9 a tashi, Virginia tana baya da maki 3, aka yi wa Jerome ƙeta, aka ba shi jifan kyauta biyu. Ya ci na farko, na biyu ya bugi ƙarfen kwando. Diakite ya yi tsalle ya doke ƙwallon zuwa baya, ta gangara har ta wuce tsakiyar fili, Clark ya bi ta da gudu ya cafke. A nan ne ɗalibin shekarar farko ya yi abin da manya da yawa ba za su yi ba: bai yi jifan neman sa'a daga tsakiyar fili ba, ya ɗaga kai, ya hango Diakite, ya aika masa da ƙwallo da hannu ɗaya. Diakite ya karɓa ya saki kafin ƙararrawa, ta faɗa, ci ya zama 70 da 70. A ƙarin lokaci Virginia ta ci 80 da 75, ta kai zagayen 'yan huɗu karon farko tun 1984. Purdue ɗin nan ce kuma Dick Bennett ya doke a irin wannan mataki shekara 19 kafin nan.

A Minneapolis, ranar 6 ga Afrilu, suka haɗu da Auburn. Virginia tana gaba da maki 10 saura kusan minti biyar, sai Auburn ta ci maki 14 a jere. Guy ya jefa maki uku daga kusurwa ya rage tazarar, sannan a harin ƙarshe, Auburn tana gaba da ci 62 da 60, Samir Doughty na Auburn ya bangaje shi yana cikin jifa daga nesa, saura daƙiƙa 0.6. Ya ci jifan kyauta biyu, kocin Auburn ya nemi a dakata domin ya dagula masa lissafi, ya dawo ya ci na ukun, aka tashi 63 da 62. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa 'yan daƙiƙu kafin hakan Jerome ya yi laifin sake buga ƙwallo a ƙasa bayan ya riƙe ta, kuma alƙalan wasa ba su hura ba. Magoya bayan Auburn suna da damar jin haushi har yau, kuma ban ga amfanin ɓoye wannan ba ga duk mai ƙaunar Virginia.

Wasan ƙarshe da Texas Tech, ranar 8 ga Afrilu, an yi hasashen zai yi ƙarancin maki saboda ƙungiyoyin biyu gwanayen tsaro ne, amma aka tashi 85 da 77 bayan ƙarin lokaci. Nan ma Virginia tana baya da maki 3 saura daƙiƙa kusan 12, Jerome ya kutsa ya miƙa wa Hunter a kusurwa, ya farke. Hunter, mutumin da ya kalli wasan UMBC daga benci, ya ci maki 27, mafi yawa a rayuwarsa ta jami'a, Guy ya ci 24 aka zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe, kuma ƙungiyar ta ci duka jifan kyauta 12 da ta samu a ƙarin lokacin. Kofin ƙasa na farko ke nan na ƙwallon kwando a tarihin jami'ar, da nasara 35 da faɗuwa 3.

Mutane suna son ba da labarin kamar kofin ya wanke tsarin Bennett daga zargi, amma ni ban yarda da wannan karatu ba. A wasanni uku na ƙarshe Virginia tana baya a cikin daƙiƙu 15 na ƙarshen lokacin wasa, kuma da ƙwallon Diakite ta goce ko alƙali ya hura wa Jerome, da an ci gaba da cewa salon ba ya cin kofi. Shekarun da suka biyo baya ma sun ba masu suka abin faɗa: an soke gasar 2020 saboda annobar korona, Ohio ta fitar da su a wasan farko a 2021, Furman ta yi musu haka a 2023, Colorado State ta lallasa su a 2024, kuma Bennett ya yi ritaya a watan Oktoban 2024 ba tare da ya sake cin wasa ko ɗaya a gasar ƙasa ba. Haɗarin da ke cikin wasa a hankali bai gushe ba don an ɗauki kofi. Abin da ya bambanta ƙungiyar 2019 shi ne tana da mutum uku, Hunter da Jerome da Guy, da suka iya samar da maki da kansu idan tsari ya cije, kuma dukansu uku ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, suka ɗauke su a watan Yunin 2019, Hunter a matsayin mutum na 4 da aka zaɓa. Tun bayan tafiyarsu Virginia ba ta sake haɗa irin wannan tsaro da irin waɗannan hannaye a ƙungiya guda ba.