Ranar da na yi tafi ni kaɗai a Interlochen

Lokacin ina karatu a jihar Michigan ta Amurka, na samu aikin hutun bazara a sansanin Interlochen. Aikin bai wuce jera kujeru da ƙarafunan ɗora takardun kiɗa ba, amma kuɗin haya ne, na karɓa hannu bibbiyu. Wani malamin kiɗa, Joseph Maddy, shi ya kafa wurin a 1928, cikin daji tsakanin tafkuna biyu, don ’yan sakandare masu koyon kiɗan gargajiyar Turai.

Da farko na ɗauka kujera kujera ce. Sai da wata yarinya mai goge ta sa na gyara tata sau uku, wai sandar jagoran makaɗa ta ɓuya mata bayan kan wani. Na ji haushi, amma ita ce da gaskiya: makaɗa kusan ɗari, ido ɗaya ya kauce, kowa zai ji.

Babban darasin kuwa a daren wasan farko na kwashe shi. An gama, an yi tafi, jagora ya sauka. Sai shugaban masu goge, yaro ɗan makaranta, ya karɓi sanda, suka kaɗa wani ɗan guntun sauti mai taushi daga aikin mai tsara kiɗa Howard Hanson na 1930. Suna tsayawa ni kuwa na buga tafi da iya ƙarfina. Biyu na yi, na uku ya maƙale. Tsit! Wata dattijuwa a gefena ta yi murmushi ta ce, a hankali, ba a tafi bayan wannan, haka ta tarar tun tana ɗaliba. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan na fara tambayar tarihin wurin. Ashe tun shekarar farko da kiɗan "Les Préludes" na Franz Liszt ake rufe kowace bazara. Shahararren mai tsara kiɗa John Philip Sousa ya taɓa jagorantar makaɗa a nan, kuma a 1962 yaran sansanin sun yi wasa a fadar White House zamanin Shugaba Kennedy. Su dai yaran ba su cika zancen waɗannan manya ba. Shirun nan suka fi riƙewa.

Ni ma sai na daina gaggawar naɗe kujeru. Nakan tsaya a bayan dandali har mutane su watse ba ƙara, sai kukan ƙwari daga bakin tafki, sannan in ɗauki ta farko.